Sikelin lantarki mai ɗaukar kilo 40: abin da ya iya da inda ya gaza a shagon hatsi

Sikelin lantarki mai lissafin kuɗi, irin wanda ake shigo da shi daga ƙasar Sin, ya samu wurin zama a teburan mahauta da masu sayar da kifi a kasuwannin Kano, amma har yanzu ma'auna hatsi suna ɗari-ɗari da shi. Wanda muke aiki da shi a shagonmu yana ɗaukar kilo 40, yana ƙirga giram biyar-biyar, kuma yana nuna lambobi iri uku ta gaba da ta baya, wato nauyin kaya da farashin kilo ɗaya da jimlar kuɗi, ta yadda mai saye yana ganin abin da mai sayarwa yake gani. Kuɗinsa bai kai na buhun shinkafa ɗaya ba.

Ƙirarsa ba ta da laifi. Farantin na ƙarfe ne marar tsatsa, batirin yana riƙe caji kwana da kwanaki ko da ba a kawo wuta ba, kuma akwai maɓallin da ke cire nauyin kwano kafin a zuba kaya. Sai dai yana buƙatar teburin da ya zauna daram, domin ƙasa mai gangara ko iskar fanka tana sa lambar ƙarshe ta yi ta rawa, kuma ƙurar hunturu tana shiga ƙarƙashin maɓallan idan ba a rufe shi da dare ba.

Dangane da gaskiyar awo, hanya mafi sauƙi ta gwada shi ita ce a cire nauyin gora, a zuba mata ruwa lita ɗaya, a ga ko zai nuna kilo ɗaya. Namu ya nuna, da bambancin da bai wuce giram biyar ba, a tsakiyar faranti da kuma kusurwoyinsa. Wannan gwaji yana yiwuwa ne saboda kilo ba na Sin ba ne, ba kuma na Najeriya ba. Ƙasashe 17 ne suka sa hannu a yarjejeniyar mita a birnin Paris a 1875, daga 1889 kuma aka ajiye wani dunƙulen ƙarfe a Sèvres ta ƙasar Faransa a matsayin uban dukkan kilo, har zuwa 20 ga Mayu 2019 da aka ɗora ma'anar kilo a kan wani adadi na kimiyya wanda ba ya sauyawa. Najeriya ta sake dokarta ta awo a 1974 domin komawa tsarin mita da kilo, shekara ɗaya bayan naira da kwabo sun maye gurbin fam da sule. Amfanin hakan a bayyane yake ga duk wanda ya san kasuwar Dawanau, inda ake sayen riɗi da zoɓorodo da citta domin fitarwa ƙasashen waje: mai saye a wata nahiyar ba zai ƙulla ciniki da tiya ba, tan da kilo ya sani. A irin wannan ciniki sikelin ya raba mu da gardama mai yawa, kuma wannan kaɗai ya isa ya mayar da kuɗinsa.

Aibinsa mafi girma maɓallin sauya ma'auni ne. Da dannawa ɗaya yake komawa daga kilo zuwa laba, alamar da ke nuna hakan kuwa 'yar fitila ce ƙanƙanuwa da ba a ganinta cikin hasken rana. Kilo ɗaya ya ɗan haura laba 2.2, saboda haka marar tsoron Allah zai iya ɗora kayan da bai kai rabin kilo ba allon ya nuna ɗaya, mai saye kuwa ya tafi yana godiya. An sa maɓallin ne saboda kasuwar Amurka, wadda ta riƙe labarta har yau, kuma wannan haƙƙinta ne. Amma ya kamata a lura cewa tun 1959 ita kanta labar an ƙayyade ta da kilo, wato kilo 0.45359237 daidai. Na'urar da za a sayar a ƙasar da ba a ciniki da laba ya dace ta zo da wannan maɓalli a kulle.

Aibi na biyu ya shafi lambobi. Gurbin jimlar kuɗi lamba shida yake ɗauka, biyu daga ciki na bayan ɗigo ne, domin an ƙera shi ne don kuɗin da ƙananan sulallansa ke da daraja. A nan babu mai cinikin kwabo, kuma da zarar jimla ta kai naira 10,000 sai gurbin ya cika ya daina lissafi. Ana iya cire lambobin bayan ɗigon, amma bayanin yadda ake yi yana cikin wata 'yar takarda da aka rubuta da Turanci da Sinanci kaɗai. Abokan cinikinmu na Maraɗi da Damagaram suna da tasu matsalar, domin a makarantun Nijar waƙafi ake sawa inda mu muke sa ɗigo, kuma da yawansu da dala suke lissafi, wadda take sefa biyar. Babban taron awo na duniya ya duba wannan saɓani a 2003, ya amince da ɗigo da waƙafi duka biyun, ya bar kowace ƙasa da al'adarta, sannan ya jaddada cewa kada a yi amfani da ɗayansu wajen raba dubbai. Ina ganin wannan hukunci ne na hikima, kuma da masu ƙera sikelin sun bi ruhinsa da sun ba mai shago damar zaɓar alamar da abokan cinikinsa suka saba da ita.

Inda sikelin ya gaza gaba ɗaya shi ne wurin da ake fata ya maye gurbin mudu, kuma wannan ba laifin ƙira ba ne. Mudu da tiya cikar kwano suke aunawa, sikeli kuwa nauyi. Tiyar shagonmu ta masara tana kai kusan kilo biyu da rabi, ta gero da ta wake kowace da nata nauyin, ta garin rogo kuma ta fi su sauƙi nesa ba kusa ba, har ma masarar kaka da ba ta gama bushewa ba takan bambanta da wadda ta kwana a rumbu. Uwargida da ta san tiya nawa ke ciyar da gidanta a mako ba jahilci ne ya hana ta neman kilo ba. Tukunyarta ma da cika take aiki. Haka zakkar fid-da-kai da sa'i aka shar'anta ta, mudun Annabi huɗu, shi ya sa malamai suke ba da ƙiyasin kilo daban-daban gwargwadon nau'in abinci. Sannan akwai gyara, da tozon da ake yi wa kwano, da hannun da ma'auni yake tarewa da shi don girmama tsohon abokin ciniki, waɗanda allon lantarki bai san da su ba.

Duk da haka ba zan kare mudu a halin da yake ciki ba. Babu wanda zai ce ga girmansa a faɗin ƙasa: mudun wasu garuruwa bai wuce rabin tiyar Kano ba, Ibadan tana da kongo, Legas tana da derika wadda asalinta gwangwanin tumatir ne, kuma a cikin kasuwa ɗaya ana samun kwanon saye da kwanon sayarwa, wanda aka bubbuge gindinsa. Talaka ne yake biyan kuɗin wannan rashin tsari. Ƙasar da ta ƙera sikelin ta nuna wata hanya, domin ba ta kashe tsohon ma'auninta na kasuwa mai suna jin ba, sai ta ƙayyade shi a giram 500 tun 1929, kuma har yau da shi ake cefane a can. Sashen kula da awo na Ma'aikatar Masana'antu, Kasuwanci da Zuba Jari ta tarayya zai iya yin haka da tiya da mudu, ya ce ga adadin litar kowanne, a buga wa kwanon hatimi, mutane su ci gaba da cinikinsu da sunan da suka gada.

A shagonmu tsarin da muka zauna a kai shi ne sari da cinikin baƙi a kan sikeli, awon gida kuma da tiya, amma mun rubuta nauyin tiyar kowane hatsi a allo, duk wanda ya yi shakka a ɗora masa ya gani. Mahauci da mai kifi da mai sarin riɗi ina ba su shawarar su saya ba tare da jinkiri ba. Mai awon hatsi ya saye shi a matsayin shaida ga kwanonsa. Kafin a biya kuɗi a gwada shi da litar ruwa a gaban mai sayarwa, a sa ya cire lambobin kwabo, sannan a liƙe maɓallin laba.