Ƙwaya 14 ta gwanjo ko ƙwaya 6 sabuwa: wasiƙa daga Hamburg

Assalamu alaikum ƙanena. Ya gida, ya jikin Hajiya, ya kasuwa? Mu nan sanyi ya kankama, kafin ƙarfe biyar na yamma duhu ya rufe gari.

Na saurari saƙonka na murya har sau biyu. Ka ce an nuna maka kwamfuta a Beirut Road mai ƙwaƙwalwar Xeon, ƙwaya 14 (ƙwaya ita ce "core", ƙananan ma'aikatan da ke cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta), kuma kuɗinta bai kai na sabuwa mai ƙwaya 6 ba, shi ya sa kake so in cika maka ka ɗauko ta don aikin haɗa bidiyon biki. Kuɗi zan turo in Allah ya yarda, amma ka tsaya ka ji, domin duka biyun suna nan ƙarƙashin teburina, na daɗe ina aiki da su.

Tsohuwar HP Z440 ce, gwanjo na saye ta. A nan Jamus manyan ofisoshi ba sa riƙe kwamfuta har ta mutu. Bayan 'yan shekaru ake kwashe su, dillalai su goge, su gwada, su sa a kasuwa. Na saka mata Xeon E5-2680 v4, wadda Intel ya fitar a 2016 a kan kuɗi sama da dala 1,700. Yau a eBay ba ta kai yuro 30 ba. Ranar da ta iso na daɗe ina jujjuya ta a tafin hannuna, wani ɗan faifan ƙarfe mai nauyi, gefensa duk busasshen man sanyaya, ina mamakin yadda abin da ya yi shekaru yana ɗauke da aikin wani kamfani ya koma kuɗin cefanen kwana biyu. Sabuwar kuwa Core i5-12400 ce ta shekarar 2022, ƙwaya 6.

Ka ɗauke su kamar masu gayya. Xeon dattawa 14 ne, i5 kuwa samari shida majiya ƙarfi. In gona ce za a nome, kowa ya kama kunyarsa, yawan dattawan zai rufa musu asiri. Haka na gani: in na sa su fitar da bidiyon da aka gama haɗawa, ko matse manyan fayiloli, kusan kunnen doki suke yi. Amma in rijiya za a haƙa, mutum ɗaya ne ke shiga rami, sauran sai dai su tsaya a baki suna kallo. Mafi yawan abin da kake yi a wuni haƙar rijiya ne: jan bidiyo gaba da baya kana neman inda amarya ta shigo, yanka, gyaran hoto a Photoshop, buɗe shafuka a intanet. A nan ƙarfin ƙwaya ɗaya ake kallo. Ta Xeon iyakar saurinta gigahaz 3.3, ta i5 tana kai 4.4, ga kuma shekara shida na ci gaban ƙira a tsakaninsu, shi ya sa a aikin ƙwaya ɗaya sabuwar ta kusa ninka tsohuwar. A yatsanka za ka ji bambancin, tun kafin ka duba wani ma'auni.

Wani abin da ya shafe ka kai tsaye: i5-12400 tana da sashen hoto a cikinta, da abin da ake kira Quick Sync, wanda ke ɗauke nauyin karanta bidiyon H.264 da H.265, irin wanda kyamarori da wayoyi ke ɗauka. Wannan Xeon ɗin ba ta da shi ko kaɗan, in ba ka sa katin hoto ba ko allo ba zai kawo ba. Sai dai ka kula, akwai 12400F, ita ma ba ta da sashen hoton. Ka karanta rubutun kwalin da idonka.

Sai maganar wuta, wadda ita ce ta fi damuna. A nan wuta ba ta ɗaukewa, amma kuɗinta na sa mutum ya yi ta kashe ƙwai a ɗaki: kilowat ɗaya na awa guda yana tsakanin santi 30 da 40. A takarda Xeon wat 120 take ci, i5 kuwa 65, ko da yake tana iya haurawa zuwa 117 in aiki ya matsa. Babban bambancin yana fitowa lokacin da suke zaune ba aiki, domin tsohuwar da bod ɗinta (babban faifan da ake dasa sauran kayan a kansa) da katin hotonta ba su iya hutawa ba. Ko da tazarar wat 50 ce kawai, in ka bar ta dare da rana, a shekara ta haura kilowat 430 na awa guda, wato wajen yuro 150 a nan. Wannan lissafin ne ya sa na daina barin ta a kunne. Kai kuwa ba bil kaɗai za ka duba ba. Za ka duba awa nawa batirin solarka zai kai ka bayan magariba, da litar mai nawa janareta zai sha, da yadda ɗan shagon nan naka zai koma a watan Afrilu, waje ana zafin da ya haura digiri 40, ciki ga akwati na hura maka iska mai ɗumi a ƙafa. Ƙurar hunturu ma ta fi cutar da na'urar da dama a cikin zafi take.

Kada ka ce na yi wa tsohuwar rashin adalci. Tana karɓar ram, wato ma'ajiyar aikin da ake kan yi, mai yawan gaske ta hanyoyi huɗu, sabuwar hanya biyu gare ta, kuma ram ɗin tsohuwar irin na saba ne, wato manyan kwamfutocin kamfanoni, mai gyara kuskurensa da kansa. Wanda zai kafa ma'ajiyar fayiloli a ofis, ko ɗalibin da ke koyon gudanar da kwamfutoci da yawa cikin guda, ya samu garaɓasa. Ni ma abin da nake yi da ita ke nan a ƙarshen mako. Amma ba ta cikin jerin waɗanda Windows 11 ta amince da su, ita kuma Windows 10 an daina yi mata sabuntawar kyauta ta yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025.

Abin da ya ba ni ƙarfin halin sayen gwanjo a nan shi ne doka. In ka sayi kaya a shago ta intanet, kana da kwana 14 ka mayar ba tare da ka faɗi dalili ba. Sabon kaya alhakinsa na wuyan mai shago shekara biyu, na gwanjo aƙalla shekara ɗaya. Kai a can an gwada maka a gabanka, ka fita da shi, sai addu'a. Kuma da yawa daga cikin irin wanda aka nuna maka ba akwatin HP ko Dell na asali ba ne, bod ne mai araha da aka haɗa a Chana musamman don waɗannan tsofaffin ƙwaƙwalen. Wani ya yi ƙarko, wani ba ya ganin damina biyu.

Don haka ka koma ka tambayo min farashin i5-12400 wadda ba ta da F, da bod B660 mai karɓar DDR4, da ram gigabait 32, da ma'ajiyar SSD ta terabait ɗaya. Katin hoto ka bar shi sai bayan bukukuwan sallah, in ciniki ya buɗe. Ka turo min lissafin kafin Juma'a. Ka gaida Hajiya da kyau, ka ce mata maganin ƙafar yana hanya.