Garin Zogale Na Roba: Abinci Ne Mai Kyau, Amma Tallarsa Ta Zarce Gona Da Iri

Garin zogale da ake ɗurawa a roba a manna masa takarda ya cika shagunan magani da manyan kantuna a Kano da Kaduna. Wanda nake sharhi a kansa wani ƙaramin kamfani ne ke sarrafa shi, kuma ba zan ambaci sunansa ba, domin ire-irensa suna da yawa kuma lafazin tallarsu kusan ɗaya ne. A jikin robar an rubuta cewa garin yana ƙunshe da antioksidan, wato sinadaran da ke rage lalacewar ƙwayoyin halittar jiki, kuma yana kare mai amfani da shi daga cutar sankara.

Ta fuskar sarrafawa, masu wannan gari sun cancanci yabo. Launinsa kore ne shar, alamar cewa a inuwa aka shanya ganyen, ba a bar rana ta ƙone shi ba, sannan an niƙa shi lukwi, babu tsakuwa ko yashi. Yana shiga kunu da koko da miyar kuka ba tare da ya ɓata ɗanɗano ba muddin ba a wuce ƙaramin cokali ba, amma a ruwan shayi ba ya narkewa, sai ya kwanta a ƙasan kofi da ɗan ɗacinsa. Kuɗinsa kuwa ya yi yawa ga wanda ke da bishiyar zogale a gida ko yake iya sayen ɗanyen ganye a kasuwa, musamman da yake busarwa tana rage bitamin C da ke cikin ganyen sosai.

Inda nake da ja shi ne maganar sankara. Gaskiya ne zogale yana da beta-karotin da sauran sinadaran da ke rage lahanin da wasu gurɓatattun ƙwayoyin iskar oksijin ke yi wa ƙwayoyin halittar jiki, kuma irin wannan lahani yana cikin abubuwan da ake dangantawa da somawar sankara. Sai dai gwaje-gwajen da aka yi wa zogale a wannan fanni galibinsu a ɗakin bincike ne, kan ƙwayoyin halitta da ɓeraye, ba kan ɗimbin mutane ba. Da aka gwada su kansu sinadaran a jikin mutane kuwa, sakamakon ya ba masana mamaki. A binciken ƙasar Finland da aka wallafa a 1994, wanda ya ƙunshi maza masu shan taba fiye da 29,000, waɗanda aka bai wa ƙwayar beta-karotin sun fi kamuwa da sankarar huhu da kashi 18 cikin ɗari. A Amurka an dakatar da makamancin wannan bincike a 1996 saboda irin wannan dalili, sannan a 2011 wani binciken ya nuna ƙwayar bitamin E ta ƙara yawan sankarar mafitsara ta maza, wato ta furostet, da kashi 17 cikin ɗari. Ba ina nufin garin ganye daidai yake da waɗannan ƙwayoyi masu ƙarfi ba, amma hakan ya isa ya nuna cewa kalmar antioksidan kaɗai ba hujjar rigakafi ba ce.

Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a kai shi ne cin aƙalla giram 400 na ganyaye da 'ya'yan itatuwa a kullum, kuma cokali ɗaya na gari bai kama ƙafar wannan ba. Kwadon zogale ko rama, da alayyafo, da karas, da gwanda, da gwaiba, su ne ke cike wannan adadi, tare da harzar da ke taimakon hanji. Mai saye kuma ya lura cewa lambar NAFDAC a jikin kayan gargajiya ba shaidar cewa hukumar ta tabbatar da da'awar magani ba ce.

Abin da ya fi damuna da irin wannan talla shi ne tana iya sa mutum ya saki jiki ya bar rigakafin da aka tabbatar da amfaninsa, irin allurar ciwon hanta nau'in B, da allurar HPV ta rigakafin sankarar bakin mahaifa da Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a 2023, da guje wa gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna. Ina ba da shawarar sayen garin ga matafiyi ko wanda ɗanyen ganye ke yi masa wahalar samu, a matsayin ƙari ga abinci kawai. Wanda kuma yake karɓar maganin sankara a asibiti, ya tuntuɓi likitansa kafin ya fara amfani da shi.