Hardis ɗin tera 2 da na saya don shagon turi, ga abin da na gani

Salam 'yan uwa masu sana'ar turi. Ana yawan tambayata wai shin sayen hardis na waje ya fi mutum ya ci gaba da tara ƙananan filas a gwangwani, toh ni dai amsata ita ce ya fi, nesa ba kusa ba, amma fa sai in ka riƙe abu biyu da mai sayarwa ba zai tsaya ya yi maka bayaninsu ba: harafin da kwamfuta take ba shi, da irin fomat ɗin da ke kansa, wato tsarin da ake jera fayiloli a cikinsa. In ba ka san waɗannan ba wallahi hardis ɗin da ka kashe kuɗin buhunan gero a kansa zai iya zame maka ciwon kai.

Shagona a wani ƙauye yake tsakanin Gumel da Maigatari, caji muke yi da turi, karatun malamai, tafsirin azumi, waƙoƙi, fina-finai, sai bidiyon biki da na suna da masu ɗauka suke kawowa a raba wa dangi. A Farm Centre na sayo shi a Kano, ƙaramin nan ne mai kamar littafin aljihu wanda ba ya buƙatar a jona shi da wuta, daga jikin laftof yake shan tasa. Mai shagon ya so in ɗauki babba mai adafta, na ce a'a. Mu nan janareto ne da ɗan sola, in mai ya ƙare ana tsakiyar kwafi babban nan take yake ɗaukewa, shi kuwa ƙaramin muddin batirin laftof na da rai yana nan yana aiki. Duk wanda yake ƙauye wannan kaɗai ya ishe shi dalili.

Da ka jona za ka ga tera 1.81 ya nuna maimakon 2, kar ka koma Kano da faɗa, ba cutarka aka yi ba. Kamfanoni da dubu-dubu suke lissafi, Windows kuma da 1024, shi ya sa mai tera 1 ma giga 931 yake nunawa. Cutar gaske a ƙananan filas na bogi take, waɗanda aka rubuta wa giga 64 alhali cikinsu bai kai ko kusa ba, za su karɓi kaya lafiya lau sai an je gida a ga rabin fayil ɗin ba ya buɗewa. Akwai wata 'yar manhaja H2testw da take cika filas da bayanai ta karanta su ta faɗa maka gaskiyar girmansa, tana cin lokaci amma ni duk kayan da zan sara sai na gwada ɗaya daga ciki.

Yanzu maganar harafi, wadda ita ce ta sa na zauna rubutun nan.

Windows tana kiran kowace ma'ajiya da harafi. Haruffan A da B tun zamanin fulofi, tsohon faifan ajiya, aka ware su, C na cikin kwamfutar ne inda ita kanta Windows take zaune, D sau da yawa wurin faifan sidi ne ko ɓangare na biyu na hardis ɗin ciki. Duk abin da ka jona daga waje sai ta ba shi harafin farko da ta samu babu kowa a kai. Kamar dai rumfar kasuwa ce da ba a yanka wa kowa ba, wanda ya riga zuwa shi ke shimfiɗa kayansa. Toh da safe in na fara jona hardis ɗina sai ya zama E, in kuwa wani ya riga ya miƙo filas ɗinsa aka soka kafin nawa, nasa ya zama E nawa ya koma F, ranar Alhamis kuwa da mutane ke dawowa daga kasuwar Maigatari, har da baƙinmu na Nijar, ga kad rida, abin karanta memori, mai baki huɗu da wani lokacin kowane baki sai ya kama harafinsa ko babu memori a ciki, sai ka ga hardis ɗin ya tafi can H ko I.

Wani zai ce to meye a ciki. Akwai abu a ciki sosai. Duk gajerun hanyoyin da na jera a fuskar kwamfuta don in shiga foldar tafsiri ko ta waƙoƙi da dannawa ɗaya, da harafin suke aiki. Jerin da na shirya a VLC, manhajar kunna bidiyo da sauti, ma haka, yana neman kaya a E, kayan sun koma G, sai ya ce bai ga komai ba, kwastoma na tsaye yana jira babur ɗinsa a kunne. Mai haɗa bidiyon biki kuwa ya fi kowa shan wuya, don manhajarsa za ta nuna duk hotunan aikin sun ɓace sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Mafi muni kuma shi ne fomatin. A sana'ar nan kullum sai an ce maka goge min memorin nan ka zuba sabo, hannu ya saba da cewa F na kwastoma ne, ranar da F ta zama hardis ɗinka fa? Na san wani abokin sana'a a wani gari kusa da mu da yaron shagonsa ya yi masa haka, kayan da ya daɗe yana tarawa, har yau in aka tuna masa sai ransa ya ɓaci. Ni abin ya taɓa ni ƙwarai don na san yadda ake tara kayan nan da datar da ake saya da guminka.

Maganin kuma yana cikin Windows ɗin, kyauta, ba sai ka sauke komai ba. Ka danna maɓallin Windows da R tare, ka rubuta diskmgmt.msc, wani shafi mai suna Disk Management zai buɗe ya jero maka duk abin da ke jone da girmansa da irin fomat ɗinsa. Ka nemo naka ta girman, ka danna shi da maɓallin dama na mawus, ka zaɓi Change Drive Letter and Paths, sannan Change, ka ɗauki harafi. Sirrin shi ne ka ɗauki na can nesa. Ni T na ba nawa. Tunda Windows daga farkon haruffa take rabo, filas ɗin mutane ba za su taɓa hawa har T ba ko da kasuwa ta cika, kuma tana riƙe abin a ranta, ko ka cire ka mayar ta wani bakin T ɗin dai za ta ba shi. Tun ranar ban sake gyara gajeriyar hanya ko ɗaya ba, yaron shagona kuma doka ɗaya na kafa masa: duk abin da ka ga T a jikinsa ba a yi masa fomat, ko ni na ce ka yi ka sake tambayata.

Sai dai a kula, harafin ba a jikin hardis yake ba, a cikin kwamfutar yake. In ka kai shi laftof ɗin wani zai ba shi nasa harafin, sai an sake saita shi a can. Abin da ke bin hardis duk inda ya je shi ne sunan da ka raɗa masa, don haka ka sa masa suna ma, nawa SHAGO na rubuta da manyan baƙaƙe. Kar kuma wani ya ce zai canza wa C harafi, ko ɓangaren da aka ɗora manhajoji a kai, wannan neman rigima ne. Babbar waya kuwa in ka jona ta da kebul yawanci ba ta samun harafi, da sunanta take fitowa, wannan ba matsala ba ce haka aka yi ta.

Sai fomat. Nawa da NTFS ya zo kuma a haka na bar shi. Shi NTFS tun 1993 Microsoft ta fito da shi, yana ɗaukar fayil komai girmansa, kuma yana ajiye wani ɗan rikodi na abin da yake shirin rubutawa, shi ya sa in aka fizge kebul ko kwamfuta ta mutu ana tsakiyar aiki ya fi saurin dawowa daidai. Ga babban rumbun shago da a Windows kaɗai yake aiki ban ga abin da ya kai shi ba. Aibinsa shi ne ba kowa ke jin yarensa ba, wani ɗalibi ya zo hutu da kwamfutar Apple ya iya kwasar kaya daga ciki amma ya kasa zuba min nasa, wayoyi da yawa ma ba sa ganinsa ta OTG, wato ɗan kebul ɗin da ake jona filas a waya da shi.

Kayan kwastoma kuwa labari ne daban, kuma nan ne da yawanmu suke kuskure suna ɗora wa memorin laifi. Ni yanzu kafin in taɓa komai sai na ce, Baba a me za ka saka? In rediyo ce mai memori irin wadda dattawa ke ratayawa a gona, ko ƙaramar waya mai maɓalli, ko rediyon mota, ko tsohuwar dibidi, FAT32 kawai, shi ne wanda kusan kowace na'ura ta sani, tun 1996 yake. Matsalarsa ɗaya ce amma babba: fayil guda ba ya wuce giga 4. Akwai wata Hajiya da ta aiko da filas mai giga 32 babu komai a ciki a zuba mata bidiyon bikin 'yarta, bidiyon ya haura giga 4, kwamfuta ta ce fayil ya yi girma, ɗan aiken ya dage wai filas ɗin ne na bogi, har ya fara zagin wanda ya sayar musu. Lafiyarsa ƙalau. Na tambayi a ina za a kalla, aka ce tsohuwar talabijin ce, sai na raba bidiyon gida biyu na bar filas ɗin a FAT32, ya yi.

Na ukun shi ne exFAT, wanda ya fito a 2006 musamman don filas da memori, ba shi da wannan iyakar ta giga 4, Windows da Apple duk suna rubutu a kansa, kuma memori masu giga 64 zuwa sama da shi suke fitowa daga kamfani. Shi ya sa mutum zai sayi babban memori da murnarsa ya saka a rediyo ta yi gum. Tagar fomat ta Windows kuma ba ta nuna FAT32 ga abin da ya wuce giga 32, sai dai ka nemi 'yar manhaja irin guiformat ta yi maka. Wasu rediyoyin suna karɓa bayan haka, wasu ko an yi ba sa karɓa, don haka ni shawarar da nake ba dattawa ita ce su sayi mai 16 ko 32 su huta, karatun da zai shiga ciki ba za su ƙare shi da wuri ba. Shi exFAT ba shi da rikodin nan na NTFS, saboda haka ban yarda in ɗora dukiyar shago a kansa ba a inda ake cire kebul da gaggawa.

Akwai wani umarni convert da yake mayar da FAT32 zuwa NTFS ba tare da goge kaya ba, amma ba ya komawa baya, duk wani canjin kuma sai da fomat, wato sai ka kwashe kayan tukunna.

In wata rana ka jona hardis ko filas kwamfuta ta ce sai an yi masa fomat kafin a yi amfani da shi, a Disk Management kuma ka ga an rubuta RAW, don Allah kar ka danna eh. Sau da yawa kayan suna nan, taswirar da ke nuna inda suke ce ta lalace, manhajojin TestDisk da PhotoRec kyauta ne kuma sun ceto wa mutane hotuna a shagona. Abin da aka ceto kuma a wani wurin ake zuba shi, ba a kan mai ciwon ba.

Abin da bai min daɗi ba a hardis ɗin kansa, kebul ɗinsa gajere ne ƙwarai, bakin da ke shiga jikinsa kuma mai faɗin nan ne da ba a samu a ƙauye, in ya fara sako-sako sai ka ji yana ɗaukewa yana dawowa. Saurinsa sai a bakin USB 3.0, mai shuɗin ciki, in ka soka a tsohon baki sai ka yi ta jira. Ba ya son faɗuwa ko kaɗan don faifai ne ke juyawa a ciki, na ɗinka masa 'yar jaka na ajiye shi can ƙuryar tebur inda hannun masu karɓar caji ba ya kaiwa, lokacin hunturu ma ina rufe shi saboda ƙura. Kuma har yanzu hankalina bai gama kwanciya ba tunda komai nawa a wuri ɗaya yake, in kaka ta yi kyau na sayar da riɗi zan ƙaro na biyu in riƙa kwafe muhimman a ciki. Wanda zai je saye ya haɗo da kebul na biyu tun a can Kano, kuma ya sa a jona masa a gabansa ya ga girman da idonsa kafin ya biya.