Haƙƙin Mallakar Aikin Ƙirƙirarriyar Basira: Amurka Da Birtaniya

A Amurka, sai da hannun ɗan Adam ake samun haƙƙin mallaka. Wani masanin kwamfuta, Stephen Thaler, ya nemi rajistar hoton da ya ce na'urarsa ce kaɗai ta zana, ofishin haƙƙin mallaka ya ƙi, kotu ta goyi bayan ofishin a 2023, kotun ɗaukaka ƙara ma ta tabbatar a 2025. Rubuta wa Midjourney, manhajar ƙirƙirarriyar basira mai zana hotuna, umarni, komai tsawonsa, bai isa ba. Abin da ake karewa shi ne rubutun da mutum ya yi da kansa a cikin aikin, da yadda ya zaɓi hotunan da manhajar ta samar ya jera su. Kuma dole mai neman rajista ya bayyana ɓangaren da na'ura ta samar. In ya ɓoye, ana iya soke rajistar.

Birtaniya kuwa dokarta ta 1988, a sashe na 9(3), ta ɗauki wanda ya shirya abin da ya sa kwamfuta ta samar da aikin a matsayin mawallafinsa, sashe na 12(7) kuma ya ba aikin kariyar haƙƙi ta shekara 50. Sai dai a nan gizo ke saƙar: wane ne "mai shiryawar"? Kamfanin da ya ƙera manhajar, ko mai buga umarni? Dokar ba ta fayyace ba, domin an rubuta ta tun kafin irin waɗannan manhajoji su bayyana.