Wata biyu ina bin sharhin malaman Yahudawa a Sefaria

Abin ya samo asali ne daga zaman tafsirin azumin da ya wuce. Da aka zo aya ta 248 a Suratul Baƙara, inda aka ambaci akwatin da ya zama alamar sarautar Ɗalutu, sai na kasa daina tunanin yadda malaman Yahudawa da kansu suka siffanta shi. Wani abokina ya ce in sauke Sefaria, taskar littattafan Yahudawa ce a intanet, kuma kyauta ce.

Amfani da ita ba wuya. Ka buɗe Littafin Fitowa na Attaura sura ta 25, ka danna aya, sai jerin masu sharhi ya fito a gefe. Nassin ya ce akwatin na itacen ƙirya ne, tsawonsa kamu biyu da rabi, an dalaye shi da zinariya ciki da waje. Na fara da Rashi, mutumin Troyes a Faransa, wanda ya rasu a 1105. Duk wanda ya saba da Jalalaini zai ji kamar yana gida: kalma ɗaya daga nassi, sai gajeren bayani, sai a wuce. A nan ya ce akwatuna uku aka yi, biyu na zinariya, ɗaya na itace, aka sa wani cikin wani. Kerubobin da ke kan murfin kuwa, wato siffofi biyu masu fikafikai, ya ce fuskar yara gare su.

Inda Rashi ya saye ni shi ne sura ta 28, kan falmaran ta babban firist. Ya faɗa ƙarara cewa bai ji ba, bai kuma samu siffarta a ruwaya ba, zuciyarsa ce ke raya masa cewa ta yi kama da abin da matan manya ke ɗaurawa idan za su hau doki. Har sunan abin ya kawo da tsohon Faransanci. Malami ya ce ban ji ba, ga dai zatona! Na daɗe a kan wannan wurin.

Da ka gangara kaɗan sai rigima ta kaure. Ibn Ezra, ɗan Andalus, mutumin nahawu ne, zahirin lafazi yake bi, abin da suke kira peshat. Kan Urim da Tummim, abubuwan da babban firist ke ɗauke da su a ƙirjinsa, Rashi ya ce rubutaccen sunan Ubangiji ne aka sa a ninkin ƙyallen ƙirji, shi kuwa Ibn Ezra ya ɗauke su abubuwan da aka ƙera da zinariya da azurfa. Ramban na Girona, wanda ya rasu a 1270, bai raga wa Ibn Ezra ba ko kaɗan. Shi ma Rashi bai tsira ba: ya ce labarin ɗan maraƙin zinariya ya riga umarnin gina alfarwa, wato tantin ibada da ake ajiye akwatin a ciki, domin Attaura ba lallai ta bi jerin lokaci ba, Ramban ya ce a'a, yadda aka jera haka ya faru, kuma alfarwar ci gaba ce ta ɗaukakar da ta sauka a Dutsen Sina'i. Duk wannan a allon waya ɗaya, ba sai ka tara mujalladai a tabarma ba.

Matsalar daga wajena take. Ban iya Ibrananci ba, da fassarar Turanci nake lallaɓawa, saboda haka idan Ibn Ezra ya shiga zancen asalin kalma sai in zama ɗan kallo. Larabci yana ɗan ceto na, don shekina ta Ibrananci da sakina ta Larabci ba su da nisa a kunne. Kuma a kwamfuta karatun ya fi mini daɗi, idona ba ya jure dogon sharhin Ramban a waya.

Ni don sanin tarihi na shiga, ba neman hujja ba, hukuncin Isra'iliyyat sananne ne a wajen malamanmu. Yanzu ina kan alkukin alfarwar mai fitilu bakwai, wanda Rashi ya kawo ruwayar cewa ƙirarsa ta yi wa Annabi Musa wuya, har aka ce ya jefa zinariyar a wuta, ya fito da kansa.