Hattara da masu tallar mayar da tsohuwar Hilux dizal cikin kwana uku

Tun da aka cire tallafin fetur a Najeriya ranar 29 ga Mayun 2023, masu tsofaffin a-kori-kura ke neman hanyar rage kuɗin mai, nan kuwa wasu 'yan damfara suka samu kasuwa. Tallarsu na yawo a Facebook da TikTok da zaurukan WhatsApp: bidiyon inji fes yana ruri a ƙasa, da alkawarin za a sauke maka injin fetur a ɗora na dizal "ɗan Beljiyam" cikin kwana uku, shan mai ya ragu da rabi. Sharaɗinsu biyu ne. Ka tura kafin alƙalami mai tsoka, sannan ka bar musu tsohon injinka da giyarsa a matsayin cikon kuɗi.

Sharaɗi na biyun nan shi ne tarkon. Injin fetur na Hilux, 22R ko 4Y ko 3RZ, mai lafiya ba ya kwana a kasuwa. Ranar da aka sauke shi, ranar ake sayar da shi. Daga nan motarka ta zama gangar jiki a garejin wani, ba ka da hanyar komawa baya, duk abin da aka ce ka ƙaro sai ka ƙaro. Wasunsu ma ba su da gareji, aron filin wani suke yi. Da kuɗi ya shiga, inji ya fita, sai waya ta daina shiga.

Aikin kansa ba haramun ba ne, kuma akwai makanikai na ƙwarai da ke yin sa. Toyota da kanta ta fitar da Hilux iri biyu: wadda lambar shasinta ta fara da RN ko YN ko RZN ta fetur ce, mai LN kuwa ta dizal ce. Don haka kayan aikin suna nan a kasuwannin Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna da Ladipo ta Legas. Matsalar ita ce ɗan damfara inji tsirara yake sayar maka da sunan cikakken aiki.

Farko, wane inji ne ma? Injinan dizal na Toyota 2L da 3L da 5L 'yan gida ɗaya ne, gidan L, a ido kamar an tsaga kara. Amma 2L lita 2.4 ne, 3L lita 2.8, 5L kuma lita 3.0, faɗin silindarsu milimita 92 da 96 da 99.5. Sai a wanke 2L da kananzir, a fesa fenti, a karɓi kuɗin 5L. Sunan inji da lambarsa a jikin bulok aka buga su. A goge wurin da tsumma a haska da tocila. In ka ga alamar an bi wurin da giranda, ko lambobin ba su jeru daidai ba, ko an lafta fenti a kansu, ka juya kawai. Inji mai gogaggiyar lamba ko dai an sauya masa suna, ko na sata ne, na biyun kuwa kai zai kai gaban 'yan sanda. A kula kuma da 5L-E da 1KZ-TE: famfon mansu da kwamfuta yake aiki, in babu kwamfutar da wayoyinta cikakku, ƙarfe ka saya.

Bidiyo ba gwaji ba ne. Gwaji shi ne ka je da sassafe da makanikenka, ba wanda dillali ya haɗa ka da shi ba, ka ɗora hannu a bulok da wuyan salansa. In da ɗumi, an riga ka, a ɗage zuwa gobe. Injin dizal da ya gaji a sanyi yake tona asirin kansa, shi ya sa ake ɗumama shi kafin mai saye ya iso. Mai lafiya, in an ba hita-fulogi (fulogin da ke ɗumama inji kafin kik) 'yan daƙiƙu, kik ɗaya ko biyu zai tashi, ɗan farin hayaki ya fita ya wuce. In ka ga yaron gareji ya matso bakin bututun iska da tsumma jiƙe da fetur ko gwangwanin feshi, an gama magana, injin ba shi da matsin da zai tashi da kansa.

Yana tashi, a buɗe murfin baƙin mai. Ɗan huci ba komai, amma in yana feso hayaki kamar tukunyar dambu, ringi ya tafi. A zaro sandar awon mai a murza tsakanin yatsu: in yana danƙo kamar zuma, an zuba man giya ne don a rufe ƙarar metal da shuɗin hayaki, kwana kaɗan ruwa zai ƙare wa ɗan kada. A haɗa lagireto a cika ruwa a bar murfi a buɗe. Kumfa mai tasowa ba ƙaƙƙautawa alamar gasket ya ƙone ne ko kan silinda ya tsage, wannan kuwa sananniyar cutar gidan L ce in sun taɓa ɗaukar zafi, musamman 2L-T mai turbo. A leƙa gidan tamostat ma. In an cire shi, a tambayi dalili.

Gwajin da ba ya ƙarya shi ne na matsin silinda. Ana cire hita-fulogi huɗun, a cire wayar da ke buɗe mai a famfo, a ɗaura agogon awo na dizal a ramin kowanne a yi kik. Agogon fetur ba zai yi ba, ma'auninsa bai kai ba. A ƙa'idar Toyota ga 3L, lafiyayye yana kai kilo 32 a kan kowane santimita murabba'i, mafi ƙaranci 20, kuma bambanci tsakanin silinda da silinda kada ya wuce 5. Aikin bai kai awa ɗaya ba. Mai kayan da ya ce "ba a taɓa mana inji kafin a biya" ya ba ka amsa.

To, ko injin ya ci jarrabawa, saura abin da ba sa faɗa a talla, wanda kuma a nan rai yake. Sabo (servo), wato na'urar da ke ƙara wa birki ƙarfi, a motar fetur da zuƙar iskar manifol yake aiki. Injin dizal ba shi da wannan zuƙar, shi ya sa ake ɗaura masa ɗan famfon zuƙa a bayan altaneto, da bututun baƙin mai na shiga da na fita. Masu aikin kwana uku sukan mayar da altaneton fetur su bar tiyon sabo a toshe da ƙusa. A cikin gareji ba za ka gane ba. Sai ka ɗauko buhu goma sha biyar na masara ka zo gangara, ka taka birki ka ji shi kamar dutse. Gwajinsa mai sauƙi ne: a kashe mota, a taka birki sau biyar har ya yi tauri, a riƙe shi a take a tayar da inji. In feda bai ɗan nutse ba, kada motar ta fita titi.

Giya ma haka. Bakin giyar 22R ba ya hawa bayan injin L, sai an samo bel-hausin da filawil da kuloci na dizal, ko a sayo inji da giyarsa tare, wanda shi ya fi. Abin da suke yi shi ne su huda sababbin ramuka ko su yi waldar faranti a tsakani da awon ido. In tsakiyar giya da ta karanshaf suka saɓa ko da kaɗan ne, kuloci zai riƙa ci, boris ɗin giya ya yi ta kuka har ya watse. Ƙafafun inji kuma na LN ake nema, ba guntun ƙarfe da aka liƙa a shasi ba, don girgizar dizal tana tsaga irin wannan waldar. In motar mai jan ƙafa huɗu ce, kaskon inji dole ya zama nata, na Hiace zai riƙa dukan aksul ɗin gaba.

Tanki a sauke shi a wanke, a cire famfon fetur na lantarki in akwai, a ja layin dawowar mai, a saka filtar dizal mai raba ruwa da famfon hannu a kanta. Famfon injekta da dizal ɗin kansa yake samun santsi, saboda haka ragowar fetur ko ruwa nika shi suke yi, gyaransa kuwa yakan lashe ribar shekara. Lagireton dizal, babban batir da wayoyi masu kauri, kik na dizal, rile da na'urar lokacin hita-fulogi, duk su shiga lissafi. Kuma a sauya taimin bel kafin a ɗora injin, kada a saurari "ai sabo ne". Wa'adinsa kilomita 100,000 ne, ba wanda ya san nawa ya ci, in ya tsinke fistin da bawul ne za su gaisa.

Akwai wasu da suka fi waɗannan ƙarfin hali, masu cewa injin fetur ɗin naka za su mayar dizal, a sauya kai a ɗaura famfo. Matsin injin fetur wajen 9 ne bisa 1, na gidan L ya haura 22. Kamfanin General Motors na Amurka, da duk injiniyoyinsa, ya gina dizal na Oldsmobile mai lita 5.7 a kan tsarin injin fetur daga 1978 zuwa 1985, ya ƙarfafa bulok ɗin ma, amma gasket da kusoshin kai suka yi ta ba da kunya. Abin da ya wahalar da su ba a ƙarƙashin bishiyar darbejiya za a yi shi ba.

Batun "rabin shan mai" kuwa, ragin gaskiya yakan tsaya wajen kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku. A matsayin misali, in motarka na shan lita 14 a kilomita 100 ta koma 10, ribar tana ƙarewa da zarar kuɗin litar dizal ya kai ninki 1.4 na fetur, a Najeriya kuwa dizal ya saba fin fetur tsada. Ga shi 3L dokinsa wajen 90 ne, ƙarfinsa na ƙarewa a juyi 4,000, alhali 22R na kai 4,800. In ba a duba rabon haƙoran aksul ba, mota za ta yi ta ihu a kan hanyar Kano zuwa Zariya ba gudu.

Wanda ya yi lissafinsa ya ga aikin zai biya shi, to ya rubuta yarjejeniya da shaidu biyu: sunan inji da lambarsa, jerin kayan nan ɗaya bayan ɗaya, ranar gamawa, da kwanakin garanti. Kuɗi kashi-kashi, kuma cikin asusun da sunansa ya dace da na rasit. A tambayi shugabannin NATA, ƙungiyar makanikai ta Najeriya, na yankin ko sun san mai garejin. Tsohon injinka da giyarsa ka kwashe su zuwa gida, sai sabon ya yi wata guda yana ɗaukar kaya kafin a yi cinikinsu daban. Rasit mai lambar inji da shi za ka je ofishin lasisi a gyara takardun mota. Wanda kuma aka riga aka karɓe wa kuɗi, ya adana shaidar tura kuɗin da hotunan hirarsu da hoton lambar tsohon injinsa, ya sanar da bankinsa a ranar, sannan ya kai ƙara wurin 'yan sanda tun injin bai bar gari ba.