Jos ko Kagoro da Nok: ina ya fi a je yawon duwatsu?

Malam, ka tambaya daga nan Kaduna ina ya fi dacewa ku je hawan dutse, ku kuma ga inda aka haƙi kuza a da, Jos ko wajen Kagoro da Nok. Ga abin da na sani.

In tabon haƙar kake son gani ido da ido, Jos ce. Tun farkon shekarun 1900 Turawa suka fara kwasar kuza a can, kuma har gobe in ka bi Rayfield da Bukuru zuwa Barikin Ladi za ka ga tsibin jar ƙasa jibge, ga ramuka sun cika da ruwa sun zama tafkuna. Ruwan kore shar, kwance luf, sai ya ba ka sha'awa, amma gaɓarsa a tsaye take kuma ƙasar bakin tana zaftarewa. Don Allah kada kowa ya shiga wanka, tafkunan nan sun ci rayuka. A gefensu za ka tarar da manoman rani sun kafa injin ban-ruwa, ga kabeji ga karas. Tafiyar a fili ce, ba wahala. Mai son hawa sosai sai ya zarce Duwatsun Shere, waɗanda ƙololuwarsu ta haura mita 1,800.

Kagoro kuwa, kusa da Kafanchan, hawa ne tun daga gindin dutse, sai mai ƙarfin gwiwa. Ramukan kuza a wannan yankin ba su fito fili kamar na Jos ba, amma abin da haƙar ta tono ya fi burge ni. A 1928 masu haƙa kusa da ƙauyen Nok, a ƙaramar hukumar Jaba, suka ci karo da sassaƙen gasasshen yumɓu. Daga baya Bernard Fagg, wani Bature masanin kayan tarihi, ya bi diddiginsu, aka gane aikin mutanen da suka rayu sama da shekara 2,000 ne. Wasu daga cikin sassaƙen suna gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952.

Tunda kuzar ce ta kawo tambayarka, ku fara da Jos, balle in da yara ko dattijo a cikinku. Kagoro a bar ta sai ƙafa ta saba.

Ko ina kuka zaɓa, ku je tsakanin Nuwamba da Janairu, don da damina dutse santsi gare shi. Ku tambayi halin da hanya take ciki kafin ku tashi, ku ɗauki ɗan gari ya yi muku jagora, ku gaida mai unguwa, kuma ku sauko kafin la'asar.